Yadda Ake Kwatanta da Daidaita Ƙwaƙwalwar Giya Otomatik a Motocin Corvette, Daga Zubi na Huɗu Zuwa na Takwas

Motar Corvette ta farko da kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar a 1953 da giya otomatik ta zo, mai hawa biyu kacal, wadda ake kira Powerglide, kuma babu waya ko ɗaya da ke gaya mata lokacin da za ta canza, matsin mai ne kawai da bawuloli ke yanke hukunci. Yau kuwa ƙwaƙwalwar lantarki ce ke riƙe da ragamar komai, ita ke zaɓen giya, ita ke auna matsin da za a tura wa kowane kuloci, ita ce kuma ke umartar inji da ya sassauta na ɗan lokaci har canjin ya kammala. Na zaɓi Corvette ne domin a jikinta ana iya bin wannan sauyi daki-daki, sannan akwatunan giyar da aka saka mata su ne dai a cikin Tahoe da Escalade da Camaro da Silverado, waɗanda ba baƙi ba ne a garejojin Kano da Kaduna da Abuja. Abin da nake so makaniki ko mai mota ya riƙe tun daga farko shi ne, ba a kwafo lambobi daga wani zubi a zuba wa wani, ko da sunayen jadawalan, wato jerin lambobin da ƙwaƙwalwar ke bi, sun yi kama a fuskar kwamfuta, domin kama da wane ba wane ba ne. Kowace ƙwaƙwalwa tana da abin da take dogara da shi wajen yanke hukunci, kuma sanin wannan abin shi ne rabin aikin.

A fara da sanin abin da ke ƙarƙashin motar

Zubi na huɗu, wato C4, ya fito daga 1984 zuwa 1996. Har zuwa 1993 akwatin 700R4 ne a cikinsa, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa 4L60, kuma wannan ba ya jin maganar kwamfuta wajen canza giya. Wata igiyar ƙarfe ce ke tasowa daga totur zuwa cikin akwatin tana gaya masa yadda aka taka, wani ma'auni mai juyawa kuma yana gaya masa gudun mota. Daidaita shi aikin hannu ne, kuma idan igiyar ta yi sako-sako matsin mai zai ragu, kuloci ya ƙone cikin ɗan lokaci. A 1994 aka kawo 4L60E, wanda ya maye gurbin igiyar da ma'aunin da solinoyid, wato bawuloli masu aiki da lantarki, aka kuma danƙa hukuncin ga kwamfuta guda ɗaya mai kula da inji da giya tare, wadda ake kira PCM.

Zubi na biyar, C5, daga 1997 zuwa 2004, ya ci gaba da 4L60E ɗin, sai dai an mayar da akwatin giyar baya kusa da aksul, injin LS1 mai lita 5.7 yana gaba. Kwamfutar tana ƙarƙashin mazaunin batir, bayan tayar gaba ta ɓangaren dama, kuma sanannen abu ne cewa idan batir ya yi yoyo ruwansa kan gangara ya ci wayoyin da ke ƙasa. Saboda haka duk wanda aka kawo wa C5 mai ruɗewar giya, ya ɗaga batir ya duba kafin ya zargi jadawali.

A zubi na shida, C6, abubuwa biyu ne. Ƙirar 2005 ta zo da 4L65E mai giya huɗu, da ƙwaƙwalwar giya ta daban mai suna T42. Daga 2006 zuwa 2013 kuma sai 6L80 mai giya shida, wanda ƙwaƙwalwarsa T43 take zaune a cikin akwatin giyar kansa, haɗe da solinoyid, tana jiƙe cikin mai. Zubi na bakwai, C7, ya fara da 6L80 a 2014, sannan daga 2015 zuwa 2019 ya koma 8L90 mai giya takwas, inda aka sake fito da ƙwaƙwalwar waje, da sunan T87, daga 2017 kuma T87A wadda kamfanin ya kulle. Zubi na takwas, C8, da ya fito a 2020 da inji a tsakiya, ya rabu da wannan dangi gaba ɗaya, ya ɗauki akwatin Tremec TR-9080 mai kuloci biyu.

Kada a dogara da shekarar da mai mota ya faɗa. A karanta lambar shasi, a haɗa na'urar bincike a karanta lambar manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar, a kuma tabbatar da giyar aksul ɗin da ke motar, domin motar da ta sha hannu ta kan zo da kayan da ba nata ba.

Kwatancin da ya dace da lissafi ake yin sa

Hanya mafi aminci ta kwatanta zubi da zubi ita ce a ajiye jadawalan ƙwaƙwalwa gefe, a fara da rabon giya. A 4L60E rabon shi ne 3.06 da 1.63 da 1.00 da 0.70. A 6L80 kuwa 4.03 da 2.36 da 1.53 da 1.15 da 0.85 da 0.67. A 8L90 akwai 4.56 da 2.97 da 2.08 da 1.69 da 1.27 da 1.00 da 0.85 da 0.65. Idan aka raba rabon giyar da za a shiga da na wadda za a bari, aka ninka da juyin inji, za a san inda injin zai faɗo bayan canji. A ce an canza daga ta ɗaya zuwa ta biyu a juyi 6,000 a minti. A 4L60E injin zai faɗo kusan 3,200, a 6L80 kusan 3,500, a 8L90 kuma kusan 3,900. Wannan tazarar ita ce nauyin da kuloci ko ɗamarar ƙarfe za su haɗiye su mayar zafi, kuma ita ce dalilin da ya sa tsohon akwatin ke buƙatar lokaci mai ɗan tsawo kafin ya kammala canji, sabon kuma yake iya yi cikin ƙiftawar ido ba tare da ya wahala ba. Wanda ya ga gajeren lokacin canji a fayil ɗin C7 ya ce zai tilasta wa C5 irinsa, yana neman akwatin ya yi aiki mafi nauyi a lokaci mafi ƙanƙanta da kayan ciki mafi rauni.

Sai a shigo da giyar aksul. C5 otomatik ta zo da 2.73, ko 3.15 ga wanda ya zaɓa. C6 mai giya shida ta zo da 2.56, C7 mai giya takwas kuma da 2.41, ko 2.73 a wasu nau'o'in. Idan aka ninka giya ta ɗaya da ta aksul, za a sami kusan 8.4 a C5 mai 2.73, da 10.3 a C6, da 11.0 a C7, alhali a giyar ƙarshe lissafin yana juyawa ya zama kusan 1.9 da 1.7 da 1.6. Ma'anarsa, kowane sabon zubi ya fi wanda ya gabace shi kuzarin tashi, ya kuma fi shi sanyin inji a doguwar tafiya.

Amfanin wannan lissafi a aikace yana fitowa ne sa'ad da aka canza aksul ko taya. Tayar baya ta C5 mai lamba 275/40 a kan rim 18 tana cin kimanin mita 2.13 a kowane zagaye. Da aksul 2.73, juyi 6,000 a giya ta ɗaya yana daidai da gudun kilomita 92 a awa, da 3.15 kuma kilomita 79 zuwa 80, in ba a lissafa ɗan zamewar kwanbata ba, wato na'urar da ke haɗa inji da akwatin giya ta hanyar mai. To idan aka saka 3.15 aka bar jadawalin 2.73, ƙwaƙwalwar za ta zauna tana jiran gudun da injin ba zai kai ba sai ya buga iyakarsa, direba ya ji mota tana kakkatsewa a giya ta ɗaya. Gyaran shi ne a ninka dukkan lambobin gudu na canjin giya da 2.73 a raba da 3.15, wato kusan 0.87, na hawa da na sauka duka. A kuma lura cewa manhajojin Amurka sukan nuna gudu da mil, kuma mil ɗaya kilomita 1.609 ne. Na sha ganin wannan ƙaramin abu ya ɓata aikin yini guda.

Kafin a taɓa ko lamba ɗaya

Manhaja ba ta gyara ƙonannen kuloci, kuma ƙara matsin mai a kan akwatin da ya riga ya gaji ɓoye ciwo ne na 'yan makonni. Don haka aikin farko na ƙarƙashin mota ne. Daga C5 zuwa C7 babu sandar auna man giya, ta wani toshi da ke jikin kaskon mai ake dubawa, mota tana tsaye daidai a kan abin ɗagawa, inji yana aiki, man kuma yana tsakanin digiri 30 zuwa 50 a C5 da C6. A ɗiga man a kan farar takarda. Mai lafiya ja ne garau, wanda ya sha wahala kuwa yakan koma ruwan ƙasa, yana warin ƙauri irin na abin da ya kama a tukunya. Idan an sauke kaskon, a duba maganaɗisun da ke ciki: laushin toka kaɗan ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin dusa mai yawa alama ce cewa gyara ake buƙata kafin daidaitawa.

Kowane akwati da irin mansa. An yi 4L60E a zamanin Dexron III, kuma Dexron VI ya maye gurbinsa, shi ne kuma na 6L80. 8L90 yana son Dexron HP, na C8 kuma daban ne ɗungurungum. A kan 8L90 akwai abin da ya kamata a sani: motoci da yawa sun yi fama da wata karkarwa a tafiya mai sauƙi, kamar an hau kan hanya mai gargada, kuma maganin da General Motors, uwar kamfanin Chevrolet, ya bayar a sanarwarsa ga kanikawa shi ne a wanke tsohon man a zuba Mobil 1 Synthetic LV ATF HP. Wanda bai san haka ba zai kwana yana juya jadawalin kwanbata a kan matsalar da ta mai ce.

Bayan haka a karanta lambobin laifi, a rubuta su kafin a goge. P0700 saƙo ne kawai cewa ƙwaƙwalwar giya tana da ƙorafi, sai an shiga cikinta a ga ainihin abin. P1870 a 4L60E yana nufin wani abu na zamewa, kuma sau da yawa ramin bawul ɗin da ke sarrafa kulocin kwanbata ne ya sude. P0741 yana nuna kulocin kwanbata ba ya kamawa yadda ya kamata. Kashe irin waɗannan lambobi a manhaja don fitilar gargaɗi ta mutu ha'inci ne ga mai mota, ba na kuma ganin uzurin da zai halatta shi.

Kayan aikin da aka fi sani su ne na HP Tuners da EFILive don karantawa da rubutawa da naɗar bayanai, sai Tech 2 ko GDS2 na kamfanin kansa don gwaje-gwajen da aka tanada. Abu na farko da za a yi da su shi ne a karanto fayil ɗin asali a adana shi wuri biyu, da sunan da ke ɗauke da lambar shasi da kwanan wata. Lokacin rubutawa kuma wutar batir ta tsaya cik sama da bolt 12, a haɗa na'urar riƙe caji mai tsaftatacciyar wuta, a kashe fitilu da fanka da rediyo, kwamfutar hannu kuma ta kasance cike da caji. A wurarenmu da wuta kan ɗauke ba sallama, wannan ba ƙaramin batu ba ne. Idan rubutu ya katse a tsakiya ƙwaƙwalwar na iya mutuwa, kuma a 6L80 maye gurbinta yana nufin a zubar da mai, a sauke kasko, a kwance ta daga jikin gidan bawuloli.

Sannan a fita gwajin farko da fayil ɗin asali, ana naɗar juyin inji, da gudun mota, da yadda aka taka totur, da giyar da aka umarta, da zafin mai, da zamewar kwanbata, da lokacin da kowane canji ya ɗauka, da ƙarfin murɗin da inji ke shaida wa giya. Wannan naɗin shi ne ma'aunin da za a riƙa komawa gare shi. Gwajin cikakken totur kuma a filin tsere ko a kan na'urar gwajin mota ake yin sa, mutum ɗaya yana tuƙi wani yana kallon kwamfuta.

Daidaita mai giya huɗu

4L60E da 4L65E sun fi sauƙin fahimta. Solinoyid biyu ne ke zaɓen giya: duka a kunne giya ta ɗaya ce, duka a kashe ta uku ce, shi ya sa idan fis ya ƙone ko waya ta tsinke motar ke maƙalewa a ta uku. Matsin mai kuwa solinoyid ɗaya ne ke kula da shi, kuma aikinsa a juye yake, wato ƙarin wuta yana rage matsi, ragin wuta yana ƙara shi, tsakanin amfiya 0.1 zuwa 1.1. Mutane da yawa sun ƙone akwati saboda sun ƙara lamba a jadawalin wutar suna zaton ƙarfi suke ƙarawa. Shawarata ita ce a bar wannan jadawalin yadda yake, a yi aiki da jadawalin matsin canji da na lokacin canji, a ƙara kaɗan-kaɗan, kuma a ɓangaren da aka taka totur sosai kawai, domin babu wanda ke son mota tana bugun ƙeya a cikin cunkoso.

A cikakken totur ƙwaƙwalwar tana jiran sharaɗi biyu su cika, gudun mota da juyin inji, kafin ta ba da umarni. Hanya mai tsafta ita ce a saukar da lambar gudun ƙasa kaɗan don ta riga cika, a bar juyin inji ya zama shi ke yanke hukunci. Sai a tuna cewa tsakanin umarni da kammalawa inji yana ci gaba da hawa. Idan naɗin ya nuna an ba da umarni a 5,800 amma juyin bai fara sauka ba sai a 6,150, to tazarar 350 ce, kuma da ita za a lissafa baya daga inda ake so canjin ya faru, a bar sarari ƙasa da iyakar injin. Tazarar giya ta ɗaya ta fi ta biyu girma saboda inji ya fi saurin hawa a can, don haka kowane canji da nasa lissafin.

Akwai abin da ake kira sassaucin ƙarfi yayin canji, inda kwamfutar ke jinkirta tartsatsin fulogi na ɗan lokaci don inji ya rage murɗi. Masu son jin mota tana fizga sukan cire shi gaba ɗaya. A 4L60E kulocin giya ta uku da ta huɗu shi ne sanannen wuri mai rauni, da kwanon ƙarfen da ke riƙe da giyar tsakiya, kuma wannan sassaucin shi ne ke kare su. Ana iya rage shi kaɗan a akwatin da aka sake ginawa da kayan ƙarfi, amma a kan na asali ban taɓa ganin ribar cire shi ta kai asararsa ba.

Inda aikin ya fi zurfi: 6L80 da 8L90

A nan tsarin ya sauya daga tushe. A 6L80, in ban da tashi daga ta ɗaya zuwa ta biyu inda wata giya mai juyawa gefe ɗaya ke taimakawa, kowane canji musayar hannu ce tsakanin kuloci biyu, ɗaya yana saki ɗaya yana kamawa a lokaci guda. Daga ta biyu zuwa ta uku, alal misali, kulocin 2-6 (na giya ta biyu da ta shida) ne ke saki, na 3-5-R (na ta uku da ta biyar da ribas) ya karɓa. Canjin yana da matakai uku: a cika bayan fistin ɗin da mai, a miƙa nauyi daga tsohon kuloci zuwa sabo, sannan a jawo juyin inji ƙasa zuwa inda sabuwar giya take so. Idan mai saki ya riga mai kamawa, inji zai yi kuka ya tashi sama kafin giyar ta shiga. Idan mai kamawa ya riga, sai su riƙe tare na ɗan lokaci, a ji kamar an taɓa birki sannan a ji bugu. Dukansu suna bayyana sarai cikin naɗi, na farko kamar ƙaramin tudu a layin juyin inji, na biyu kamar ɗan rami a layin gudu.

Abin lura a wannan ƙwaƙwalwa shi ne, matsin da take tura wa kuloci ba daga takun totur take lissafa shi kai tsaye ba, daga adadin murɗin da ƙwaƙwalwar inji ke aiko mata ta wayar sadarwa take ɗauka. Idan inji ya faɗi gaskiya, giya za ta kama da ƙarfin da ya dace. Idan ya faɗi ƙasa da abin da yake bayarwa, za ta kama da sanyin hannu, kuloci ya yi ta zamewa a ɓoye.

An taɓa kawo mini wata C6 mai injin LS3 da aka ɗora wa na'urar cusa iska. Wanda ya daidaita injin a wani gareji ya rage lambobin iska da na mai a jadawali da kaso iri ɗaya don su shiga cikin iyakar manhajar, dabara ce da aka sani kuma injin yana tafiya lafiya da ita, sai dai bai gyara lissafin murɗi ba. Mai motar ya ce tana kuka tsakanin ta biyu da ta uku. Da muka naɗa, sai ga layin juyin inji yana yin tudu a daidai wurin duk sanda aka taka sosai, adadin murɗin da giya ke karɓa kuma bai ma kai na injin da ba a taɓa ba, alhali motar ta fi ta asali ƙarfi nesa ba kusa ba. Da muka sauke kasko man ya riga ya yi duhu, na shafa yatsa a gindinsa ya fito baƙi ƙirin. Babu abin da aka taɓa a ƙwaƙwalwar giyar, amma ita ce ta biya kuɗin kuskuren, kuma sai da aka buɗe akwatin aka canza kulocin kafin a yi maganar jadawali.

Saboda haka a waɗannan zubin, daidaita giya daga inji yake farawa. A tabbatar adadin murɗin da ake aikowa ya yi kusa da gaskiya: LS3 na asali yana ba da kimanin mita-Niyuton 575 a ƙololuwarsa, LT4 na Z06, wani nau'in C7 mai ƙarfi, kuma kimanin 880, don haka idan an ƙara wa inji ƙarfi dole a ga lambar ta haura, ba ta sauka ba. Bayan wannan ne za a rage lokacin mataki na uku, kaɗan a kowane zagaye, canji ɗaya a lokaci ɗaya, a rubuta, a gwada, a kwatanta da naɗin farko. Idan aka sauya abu biyar tare motar ta gyaru ko ta ɓaci, ba za a san wanne ne sanadi ba. Sassaucin ƙarfi kuma a nan wani ɓangare ne na lissafin canjin kansa, ƙwaƙwalwar tana sa ran inji zai rage a daidai lokacin da ta nema, kuma da taimakonsa ne canjin ke yin sauri. Cire shi yakan tsawaita zamewar kuloci ne, akasin abin da mai cirewar ke nema.

Waɗannan ƙwaƙwalen suna koyo. Suna auna yawan man da kowane kuloci ke buƙata kafin ya kama, suna adanawa, suna gyarawa yayin da yake sudewa. Bayan gyaran ciki ko babban sauyi a jadawali, sai a goge abin da suka koya a yi musu koyon gaggawa da na'urar bincike, mota tana tsaye, man ya yi zafi yadda littafin gyara ya tanada, sannan a yi tafiya mai sauƙi ana hawa da sauka a dukkan giyoyi kafin a taka da ƙarfi. Kada a yanke wa sabon fayil hukunci a kilomitocin farko, domin ɗan bugun da ake ji a lokacin sau da yawa na koyo ne. A 8L90 akwai ƙarin sharaɗi: an auna halin kowane solinoyid a masana'anta an ba shi lamba, kuma idan aka canza gidan bawuloli ko ƙwaƙwalwa ko akwatin gaba ɗaya, sai an shigar da waɗannan bayanai ta tsarin kamfanin. Ƙwaƙwalwar da aka ciro daga wata mota aka jona haka kawai za ta yi aiki da halin solinoyid ɗin da ba nata ba.

Game da kulocin kwanbata, kamfanin yakan bar shi yana ɗan zamewa da gangan don ya shanye girgizar inji. A C7 wannan ya fi muhimmanci, domin injin LT1 yana kashe silinda huɗu cikin takwas a tafiya mai sauƙi, kuma zamewar ce ke ɓoye rawar da hakan ke haifarwa. Rage zamewar yana rage zafi da sudewa, abin so ne musamman inda zafin bazara ke haura digiri 40, amma wanda ya mayar da ita sifili ya bar kashe silindar a kunne zai ji girgiza a kujera da sitiyari. Ko dai a sauya su tare, ko a bar su tare. Idan kuma naɗi ya nuna zafin man giya yana yawan wuce digiri 110 a tuƙin yau da kullum, ƙarin na'urar sanyaya mai ta fi kowane jadawali amfani.

T87A ta 2017 zuwa sama ba ta karɓar rubutu sai an buɗe ta tukuna ta hannun masu sayar da manhajar, don haka a tambayi kuɗin da lokacin da zai ɗauka kafin a yi wa mai mota alkawari. A kuma gaya masa cewa dillalan kamfanin suna iya gane an taɓa manhaja, kuma hakan na iya soke garantin da ya rage.

C8 kuwa kusan babu abin da za a ɗauko daga duk bayanan baya a kai mata sai ɗabi'ar aunawa kafin taɓawa. Ba ta da kwanbata. Kuloci biyu ne a cikin mai, ɗaya yana riƙe da giyoyin mara, ɗaya da na cika, kuma yayin da ake tafiya a ta uku an riga an shirya ta huɗu tana jira. Tsarin lantarkin motar a rufe yake da makullin sirri, kuma an ɗauki lokaci kafin masu manhaja su sami hanyar shiga. A kan injin da ba a ƙara wa ƙarfi ba, ni dai ba na taɓa ƙwaƙwalwar giyarta. Abin da ke tsawaita ranta shi ne a canza matatar mai ta waje a mil 7,500 na farko, wato kimanin kilomita 12,000, a zuba man da aka tanada mata kaɗai, a kuma gaya wa direba kada ya riƙe motar da totur a kan hawa ko ya yi ta jan ciki da ita a cunkoso, domin a irin wannan tafiyar kulocin yana zamewa ne, kuma zafin da yake tarawa ana iya ganinsa yana hawa a na'urar bincike tun mota ba ta bar layin ba.